Yadda Ake Adana Amfanin Lambun Gida Daga Hunturu Har Zuwa Damina

Duk wadda ta shiga kasuwar Bakin Dogo a watan Fabrairu, ta kuma sake komawa a watan Yuli, ta san cewa kayan miya ba su da zama ɗaya a garin Kaduna. A tsakiyar rani, lokacin da amfanin masu noman fadama ke kwararowa daga ƙasar Zariya da Ikara da Soba, kwanduna kan yi yawa har wasu su ruɓe a hannun 'yan kasuwa, amma da zarar damina ta kankama sai tumatir ƙwaya huɗu ya zama abin ja-in-ja tsakanin mai saye da mai sayarwa. Waɗanda suka ga shekarar 2016 ba za su manta ba, domin a watan Mayun shekarar ne tsutsar tumatir ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan nomansa, gidaje da yawa kuma suka koma miyar kuka da busasshiyar kuɓewa ba don sun zaɓa ba. Ƙaramin lambun bayan gida ma haka yake: tumatir da tattasai kan nuna a lokaci guda, a ci, a rabar wa maƙwabta, sauran ya lalace, bayan wata uku kuma a koma saye da tsada.

Abin da nake so uwargida ta riƙe tun daga farko shi ne, Allah ya ba mu na'urar busarwa kyauta a wannan gari. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ba ta ɗauke da danshi, ga rana a buɗe, saboda haka abin da mutanen Legas ko Fatakwal za su nemi inji kafin su busar, mu faifai da raga sun ishe mu. Mafi yawan aikin adana ya rataya ne a kan sanin wannan lokaci da kuma yaƙi da abu guda, wato laima, tun daga ranar da aka tsinko amfani har ranar da aka zuba shi a tukunya.

Ki fara da tanadin wurin shanya. Ki sa kafinta ya haɗa miki firam na katako mai tsawon kamu huɗu ko biyar, a ɗaura masa ragar roba irin ta taga, a yi masa ƙafafu da za su ɗaga shi daga ƙasa kamar zuwa ƙugu, yadda iska za ta ratsa ta sama da ta ƙasa, kaji da awaki kuma ba za su kai gare shi ba. Ana samun raga da sauran kayan haɗi a kasuwar Panteka. Idan hakan bai samu ba, faifai ko sabuwar tabarmar kaba a kan tebur sun wadatar. Sai ki ware wani yadi mai shara-shara ko gidan sauro mai tsabta wanda ba a sa masa magani ba, domin rufe shanyar daga ƙuda da ƙurar hunturu. Kada ki shanya tumatir kai tsaye a kan kwanon rufi ko farantin ƙarfe mai tsatsa, saboda tsaminsa na cin ƙarfen, ya baƙanta shi ya kuma ɓata masa ɗanɗano. Shanyar da ake yi a gefen kwalta, wadda matafiya ke gani a kan manyan hanyoyinmu, ita ce ta ɓata wa kauɗa, wato busasshen tumatir, suna a wurin mutane da yawa, domin yashi da hayaƙin mota da kashin dabbobi duk suna ƙarewa ne a cikin miya.

Tsinko tumatir da sassafe bayan raɓa ta bushe. Ki zaɓi wanda ya nuna ja sosai amma yana da tauri a hannu, mai tsoka da ƙarancin ruwa, irin dogon nan da 'yan kasuwa ke kira UTC. Duk wanda ya fashe, ko tsutsa ta huda, ko ya fara laushi a gefe guda, ki ware shi don miyar ranar, domin busarwa ba ta gyara abin da ya riga ya fara lalacewa. Ki wanke shi cikin ruwa mai tsabta sau biyu, ki bar shi a kwando ya tsane sarai, sannan ki yanka kowane ɗaya a tsaye gida biyu idan ƙarami ne, gida huɗu idan babba ne. Yana da kyau yankan ya zo daidai da juna, domin idan wani ya yi kauri wani ya yi siriri, siririn zai bushe ya bar mai kaurin da ɗanyen ciki, shi kuma wannan ɗaya tilo ya isa ya jawo fumfuna a cikin buhu guda.

Ki jera yankan a kan raga, bayansa a ƙasa cikinsa na kallon rana, kada wani ya hau kan wani. Ki barbaɗa gishiri kaɗan, kamar ƙaramin cokali ɗaya ga faifai guda, domin yana jawo ruwan waje da sauri, yana kuma rage saurin lalacewa a ranar farko wadda ita ce mafi haɗari. Ki rufe da yadin nan ba tare da ya kwanta a jikin tumatirin ba. Da la'asar sakaliya ki shigar da shanyar ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, musamman ga mazauna unguwannin da ke kusa da kogin Kaduna inda raɓar dare ta fi sauka, washegari da hantsi ki mayar da ita. Daga rana ta biyu ki riƙa juya shi sau ɗaya a yini. A hunturu mai ƙarfi kwana 3 zuwa 5 sun isa, ko da an yi hazo rana ba ta fito sosai ba, domin bushewar iskar ce ke yin mafi yawan aikin. Alamar ya yi ita ce ki lanƙwasa yanki mafi kauri ki matsa shi da yatsu, ki ga babu ɗigon ruwa ko wuri mai sanyi a cikinsa, yana kama da busasshiyar fata, gefensa kuma na karyewa.

Kada ƙanƙantar abin da ya rage ya karya miki gwiwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, saboda haka sai an yanka kimanin kilo 15 kafin a sami kilo 1 na kauɗa. Ruwan ne kawai ya tafi, shi kuwa za ki mayar da shi ranar girki.

Akwai mataki ɗaya da mata da yawa ke tsallakewa, ni kuma na ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai. Bayan kauɗar ta huce daga zafin rana, ki zuba ta a kwalba ko roba mai murfi, kada ki cika ta, ki rufe ki ajiye har mako guda kina girgiza ta kowace safiya. Idan kika ga gumi a jikin kwalbar daga ciki, ko yankan suna manne wa juna, to da sauran laima, sai ki mayar da ita rana ta ƙara yini ɗaya ko biyu. Idan mako ya cika babu gumi, sai ki raba ta ƙananan ƙulli a leda mai kauri, kowane ƙulli daidai girki biyu ko uku, ki zuba su a bokiti mai murfi mai kamawa, ki ɗora a kan kanta nesa da murhu da bangon da ke jiƙa. Hikimar ƙananan ƙulli ita ce, a watan Agusta iskar Kaduna cike take da danshi, duk buɗewar da aka yi wa babban buhu shan laima yake yi, amma ƙulli ɗaya kawai za ki buɗe sauran na nan a rufe.

Tattasai da attarugu da barkono hanyarsu ɗaya da ta tumatir, sai dai ba sa buƙatar gishiri. Barkono a shanya shi yadda yake, attarugu a tsaga shi biyu, tattasai kuma a tsaga a cire 'ya'yan da farin cikin. Sun yi ne idan suna ƙara kamar takarda in an damƙe su. Duk wanda kika buɗe kika ga baƙi ko toka-toka a cikinsa ki zubar, kada ki daka shi cikin yaji, domin wasu nau'o'in fumfuna na barin dafin da ke cutar da hanta, dahuwa kuma ba ta kashe shi.

Kuɓewa tana zuwa ne tun da damina har zuwa kaka, saboda haka wadda za a busar a bari sai ta ƙarshen Oktoba lokacin da ruwa ya ɗauke. Ki gwada ta da karya ɗan bakinta: idan ya ɓalle ƙas, matashiya ce, idan ya lanƙwashe, ta tsufa sai dai a bar ta ta zama iri. Ki goge ta da tsumma mai tsabta, ko ki wanke ki bari ta bushe sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, domin ruwa na tayar da yauƙinta tun a faifai. Ki yanka ta ƙanana a kwance, ki baza, cikin kwana 3 ko 4 za ta bushe. Kakata ba ta taɓa daka kuɓewar shekara gaba ɗaya ba, takan ajiye ta a yanke, ta daka ta mako guda kawai, ni ma na bi ta a kan haka, domin gari ya fi saurin shan iska da rasa ƙamshi da yauƙi.

Ganye kuwa hukuncinsa daban ne, a nan ne kuma aka fi yin kuskure. Zogale da rama da yakuwa da alayyahu da lalo da karkashi duk a inuwa ake busar da su, ba a rana ba. Rana na cinye korensu ta mayar da su kalar ƙasa, tana kuma lalata sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda shi ne babban dalilin ba yara ganye. Ki tsinke ganyen daga itacensa, ki wanke da ruwan gishiri kaɗan, ki ɗauraye, ki tsane shi a kwando, sannan ki baza shi siriri a kan raga a cikin ɗaki mai tagogi a buɗe ko ƙarƙashin rumfar kwano inda zafi ke sauka amma hasken rana bai kai ba. Ki riƙa motsa shi da hannu safe da yamma. Alayyahu da rama sun fi riƙe launi idan aka tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 2, aka tsame aka watsa musu ruwan sanyi aka tsane kafin shanya. Zogale da karkashi ba sa buƙatar haka. Matsalar ita ce ganye ya fi yawa a Agusta da Satumba, lokacin da iska ke da nauyi, don haka idan dole ne ki busar a lokacin ki rage yawan da kike bazawa, idan kuma ya kwana biyu yana laushi har ya fara warin ruɓa, ki haƙura da shi ki jira ganyen ƙarshen damina. Ya bushe ne idan ya murmushe tsakanin tafin hannu.

Yanzu sai batun tumatirin kwalba, wanda nake roƙon uwargida ta karanta shi a tsanake. Shekarun baya na markaɗa tumatir da tattasai da attarugu da albasa wuri guda kamar yadda muke yi wa miyar yau da kullum, na dafa, na ɗura a kwalabe na jera a kanta. Ba a yi wata biyu ba murfin uku daga ciki ya kumbura, ɗaya kuma da na buɗe ta sai ta yi tsiri tana kumfa. Na zubar da su duka, na kuma gode wa Allah da babu wanda ya ɗanɗana. Dalilin shi ne akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, wadda tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta kashe ƙwanta, tana kuma farfaɗowa ne a wurin da babu iska kuma babu tsami, ta saki dafin da ke shanye jiki har ya kai ga hana numfashi. Likitoci na kiran ciwon botulizim. Wani lokaci abincin ba ya canza wari ko kama. Tsami ne ke hana ta tashi, albasa da tattasai kuwa ba su da shi, suna ma rage na tumatirin. Saboda haka abin da za a ajiye a kwalba a kan kanta tumatir ne zalla. Haɗaɗɗen kayan miya wurinsa firiza ne, ga wadda wutarta ke da tabbas.

Ga yadda ake yi. Ki nemi kwalaben gilashi masu faɗin baki da murfin ƙarfe, irin kwalbar bama, ki duba bakin babu tsagewa, murfin babu tsatsa, robar da ke cikinsa kuma ba ta ɓare ba. Sabon murfi ya fi aminci in ana samu. Ki wanke su da sabulu, ki tafasa su minti 10, ki bar su cikin ruwan zafin har lokacin ɗuri. Ki markaɗa tumatir lafiyayye ba tare da ƙara ruwa ba, ki dafa shi a buɗe kina juyawa har ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A kowace kwalba mai cin lita 1 ki fara zuba ruwan lemun tsami babban cokali 2, mai rabin lita kuma cokali 1. Kada ki sa kanwa ko bakar hoda a wannan mataki ko kaɗan, domin su kashe tsami suke yi, shi kuwa muke nema. Ki ɗura tumatirin da zafinsa, ki bar sarari kamar kaurin yatsa guda a sama, ki goge bakin kwalbar da tsumma mai tsabta, ki ɗaure murfin daidai ƙarfin hannu.

Ki shimfiɗa tawul a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben a tsaye ba tare da suna gugar juna ba, ki zuba ruwan zafi har ya shanye kansu da kamar yatsa biyu, ki rufe. Lissafin lokaci na farawa ne daga sa'ar da ruwan ya tafasa sosai: minti 40 ga rabin lita, minti 50 ga lita guda. An ɗan ƙara lokacin ne saboda Kaduna na bisa tudu kimanin mita 600 daga teku, ruwa kuma kan tafasa a nan kafin ya kai digiri 100 cif. Idan wuta ta mutu tafasar ta tsaya, sai a sake lissafi daga farko. Bayan an sauke, ki tsamo su ki ɗora a kan katako ko tawul, kada a kan siminti mai sanyi don kar su fashe, ki bar su kwana guda ba taɓawa. Washegari ki danna tsakiyar murfin: idan ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama, idan yana ɗagowa, a yi miya da shi a ranar. Ki rubuta wata da shekara a jiki, ki yi amfani da su cikin shekara guda, duk kwalbar da kika buɗe kuma ki tabbata ta tafasa a tukunya aƙalla minti 10 kafin wani ya kai ta baki.

Ga abin da ake son ci ɗanye cikin 'yan kwanaki, kamar yalo da karas da kabeji da tumatirin salak, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa a karkara har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi da ruwa safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. Ta fi aiki a hunturu da bazara, da damina kuwa sanyinta kaɗan ne. Albasa da kabewa ba sa shiga ciki: albasa a baza ta a wuri mai iska, kabewa kuma a yanko ta da hancinta a ɗora a kan katako a inuwa, takan yi watanni tana jiran miyar taushe.

Ranar girki, ki ɗebi kauɗa cikin tafin hannu biyu da busasshen tattasai huɗu ko biyar, ki ɗauraye su da sauri, ki jiƙa a ruwan zafi na minti 30 zuwa awa guda. Kada ki zubar da ruwan jiƙon, da shi za ki markaɗa, tare da ɗanyar albasa babba da attarugu gwargwadon yajin gidanki. Ki soya albasa a man gyaɗa ko manja, ki zuba markaɗen, ki rage wuta ki bar shi ya soyu a hankali har mai ya taso, sannan ki sa daddawa da romon nama. Miyar kauɗa ta fi ta ɗanye duhu da tsami, yawan tattasai ne ke dawo mata da ja, tsamin kuma doguwar suya ke kashe shi; idan za ki sa kanwa, ɗan ɗigon ruwanta ya isa, kuma ki tuna akwai gishirin shanya a jikin kauɗar kafin ki ƙara wani. Busasshiyar kuɓewa kuwa sai romo ya gama haɗuwa yana tafasa za ki riƙa barbaɗa garin da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan don kada ya yi gudaji, ki bar tukunyar a buɗe minti 5 ki sauke. Busasshen zogale idan aka dafa shi ya yi laushi aka matse, yana yin kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa kamar ɗanye, yana kuma shiga dambu da fate.

'Ya'yan itatuwa su ma suna da rabonsu. Mangwaro na nuna ne daga Maris zuwa Mayu, kuma na farkon kakarsa ya fi dacewa da shanya, tun kafin hadari ya fara haɗowa iska ta yi nauyi. Ki zaɓi mai aure wanda ba shi da zare da yawa, ya nuna amma bai yi luguf ba, ki fere, ki yanka fale-fale kamar kaurin rabin santimita, ki tsoma minti 5 a ruwa lita 1 da aka matse lemun tsami uku a ciki don kada ya yi baƙi, ki jera a raga ki rufe da kyau, domin zaƙinsa na kiran ƙuda da tururuwa. A sa ƙafafun firam ɗin cikin gwangwanaye masu ruwa saboda tururuwar. Cikin kwana 2 ko 3 zai zama mai lanƙwasuwa ba ya manne wa yatsa, sai a yi masa gwajin kwalba na mako guda kamar na kauɗa.

Gwaiba kuma, da yake da damina take yawa lokacin da shanya ba ta yiwuwa, jam ake yi da ita. Ki yanka nunanniya, ki dafa da ruwa kaɗan har ta yi laushi, ki murza ta a rariya ki fitar da 'ya'yan. Ga kowane kilo 1 na tatacciyar gwaiba ki sa sukari giram 750 da ruwan lemun tsami babban cokali 2, ki ɗora a wuta matsakaiciya kina juyawa da muciya ba tsayawa don kada ya kama. Idan ya fara kauri yana fitar da manyan kumfa, ki ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ki bari ya huce, ki tura shi da yatsa: in ya tattare bai koma ya malale ba, ya yi. Ki ɗura shi da zafinsa a ƙananan kwalaben da kika tafasa, ki rufe, ki dafa su cikin ruwa minti 10 kamar yadda aka yi wa na tumatir. Kwalbar da aka buɗe a riƙa ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, a ajiye ta a firiji ko cikin tukunyar yashin nan, a kuma shanye ta cikin mako biyu.